Lungun da Almakashi Ta Ƙi Rufewa

A gida Auta ake ce mata, don ita ce ta huɗu kuma ta ƙarshe. Sunan Almakashi kuwa tana da shekara shida ta same shi, ranar da ta shige ƙarƙashin tebur da gidan sauron Baba, ta duba ta ga ramukansa sun yi ƙanana da yawa. A lissafinta iska ce ba ta samun hanya, shi ya sa Baba yake tashi sharkaf da gumi. Sai ta ɗauko almakashin ɗinkin Mama, ta bi layi-layi tana yanke zare ɗaya tana barin ɗaya. Aikin ya yi tsaf, ramukan suka fito daidai wa daida. Iska ta samu hanya. Sauro ma ya samu.

Baba malamin lissafi ne a sakandare. Da safe ya fito goshi duk ƙuraje, bai yi faɗa ba. Rula ya ɗauko, ya auna ramin, ya auna wani mataccen sauro da ya tsinta a kan matashi, ya nuna mata lambobin biyu.

"Auta, kafin ki faɗaɗa rami, ki fara tambayar me yake tarewa."

"To Baba, ai sauron ne ba shi da kunya."

Tun daga ranar yayyenta suka laƙaba mata sunan, ya bi ta firamare, ya bi ta jami'a, har wurin aiki.

Akwai wata ɗabi'a da ta ɗauka tana aji huɗu. Baba yana da jan biro da ba ya rabuwa da aljihun gabansa, kuma duk aikin gida sai ya bi ta hannunsa. In ta kawo aiki babu kuskure, sai ya juya takardar gaba, ya juya baya, ya ce "hmm", ya rufe biron kamar wanda aka janye wa kwano yana tsakar ci. Ranar nan duka ba za a ga dariyarsa ba. Da ta lura, sai ta fara ajiye masa kuskure guda ɗaya tak a kowane aiki, a inda ba zai taɓa amsar ba: ta manta rubuta santimita, ko ta ja layi ya ɗan karkace. Baba zai yi tsalle a kujera ya ce, "Na kama ki!" ya zagaye wurin da ja, ya wuni yana fara'a. Mama ta gane tun makon farko, ta yi gum.

Ta karanta injiniyancin ruwa. Aikinta na farko, wanda kuma shi ne na ƙarshe, a wani ƙaramin ofishi ne a saman shagon tayoyi, inda ake yi wa hukumar gari nazarin magudanun ruwa. Ɗaki ɗaya ne babba, tebur huɗu, fanka mai juya kai gefe guda kawai, da kwamfutar da kowa ke kira Tsohuwa saboda nishin da take yi in aka ba ta aiki. Mutanen ofishin uku ne ban da ita. Akwai Sakatariya, wadda bakinta ya fi injin buga takardunta sauri. Akwai Kawu Safiyo, mai awon ƙasa, da ya yi shekara talatin yana tattaka kwatocin garin da takalmin roba. Sai mai kamfanin, Oga.

Oga mutumin kirki ne, sai dai adalci ya yi masa yawa. In aka kawo biskit ofis, da rula ake raba na ƙarshe. Fankar nan ma ya tsara mata jadawali, kowane tebur awa biyu. Ba ya son a ce ya fifita wani a kan wani, ko da kujera ce a kan kujera.

Aikin Almakashi shi ne raga. Kwamfuta ba ta san gari ba, sai an shimfiɗa mata raga a kan taswira: alwatika kusa da alwatika, dubbai, kowace da ƙulli uku a kusurwoyinta da zare uku a gefunanta. Kowane ƙulli yana ɗauke da tsayin ƙasar wurin. Sai a zuba ruwan sama a cikin lissafi, kowace alwatika ta gaya wa maƙwabciyarta ruwa nawa ta miƙa mata, a haka a ga inda zai bi da inda zai kwanta. In alwatikan suka yi ƙanana, amsa ta fi kyau, amma Tsohuwa ta fi daɗewa. In suka yi yawa, sai a rage. Ragewar nan ita ce sana'arta, kuma tana yinta da irin jin daɗin da ta yi wa gidan sauro, sai dai yanzu ta san tambayar da ake fara yi.

Wata ranar Litinin aka kawo musu ragar garin duka, wadda wani kamfani ya ɗauko daga sama da jirgi. Alwatika miliyan biyu da 'yan kai. Aka ɗora wa Tsohuwa, ta yi nishi, ta rubuta cewa ruwan sama ɗaya zai ɗauke ta kwana goma sha ɗaya. Kwamitin hukumar kuwa ranar Alhamis ta makon gaba zai zauna, saura kwana goma, kuma ruwa uku yake son gani: ƙarami, matsakaici da babba.

"Ki mayar da ita dubu sittin," in ji Oga. "Ai sunanki ke nan."

Abin da kwamitin zai yanke abu ɗaya ne. Kwalbati ɗaya tak za a gina a shekarar, wurare biyu kuma suna nema. Akwai babban titi, inda ruwa kan tsaya zuwa idon sawu, motoci su fantsama wa masu shaguna. Can ne unguwar Kansila, mutum mai murya da yawan zuwa taro. Akwai kuma unguwar gangare, bayan injin niƙa, wadda ba ta da mai zuwa taro.

Ranar Talata Kawu Safiyo ya ce ta ajiye linzamin kwamfutar ta sa takalmi. Ya kai ta bayan injin niƙan, ya tsaya bakin wani lungu tsakanin bango biyu.

"Miƙe hannuwanki."

Ta miƙe. Tafin dama ya taɓa bango, na hagu ya taɓa bango, gwiwar hannunta ma ba ta gama miƙewa ba.

"Mita ɗaya da santimita ashirin," in ji Kawu. "Duk ruwan tudun can nan yake taruwa, ya bi ta nan kamar an buɗe famfo. Ku masu zama a fanka ba ku san shi ba."

"Kawu, fankar ma ba ta zuwa wajena sai ƙarfe biyu."

A ƙarshen lungun wata mai wanki ce ke zaune da 'ya'yanta a ɗaki ɗaya. Gadonta yana kan bulo uku-uku. Ta nuna musu layin da ruwan bara ya bari a bango, baƙi-baƙi, a miƙe kamar an ja da rula. Almakashi ta jingina da bangon, layin ya zo mata ƙugu. Kawu ya auna: santimita casa'in da biyar.

"'Yata, ku ne masu kwalbatin?" in ji mai wankin.

"Mu masu zane ne, Inna."

"To ki zana ni a ciki. Bara masu zanen sun zo, suka tsaya a bakin titi don kar takalminsu ya ɓaci."

Ta koma ofis ta fara. Yadda ake ragewa ba wuya a faɗa. Ka nemi zaren da ya fi gajarta, ka jawo ƙullinsa biyu ka haɗe su su zama ɗaya. Alwatika biyun da ke jikin zaren sun ɓace, maƙwabta su miƙe su cike gurbin. Ka nemi na gaba. Kusan sau miliyan za a yi haka, don haka ɗan shirin da ta rubuta ne yake yi, ita tana gadi. Wuyar tana wajen maƙwabtan. In aka ja su ba hankali, wata alwatika sai ta koma doguwa siririya, kusurwarta kamar bakin allura. Irin wannan take kira tsinke. Wata ma kifewa take yi gaba ɗaya, cikinta ya koma waje. Tsinke in ya shiga lissafi ƙarya yake yi, kuma ba ƙaramar ƙarya ba. Saboda haka kafin a haɗe kowane zare shirin nata sai ya leƙa ya gani. In wata maƙwabciya za ta kife, ko kusurwarta za ta faɗi ƙasa da digiri ashirin, a bar zaren nan, a wuce.

Da yamma a gida ta yanka kwali ta nuna wa Baba a kan teburin cin abinci. Ta jera siraran alwatika biyu baya da baya, ta cire zaren da ya raba su, ta mayar da shi ta ɗaya ɓangaren, sai ga su sun zama ƙosassu.

"In sun rame, ka juya musu zare. In ƙulli ya matse a gefe, ka tura shi tsakiyar 'yan'uwansa. Amma na jikin bango, bangon kawai zai bi. Na kan kusurwar bango kuwa ƙusa na buga masa."

"Lungun naki fa?" in ji Baba.

"Zaren da ya ratsa daga bango zuwa bango ba a taɓa shi. In ka haɗe shi, bangon biyu sun rungumi juna, lungu ya tafi."

Baba ya shafa aljihun gabansa. "Kuma ki ce min a cikin dubu sittin babu ko ɗaya da ta gaza digiri ashirin?"

"Ka auna in ka isa, Baba."

"Zan auna."

"Ka dai ci abincinka tukuna," in ji Mama.

Ranar Juma'a da safe ta gama. Ragar ta fito kamar fatar wata dabba: a kan tudu da filin ƙwallo da babban titi alwatikan manya-manya, kowace ta haɗiye gidaje biyar, suna raguwa sannu a hankali, ba babba kusa da ƙarama kwatsam, har su zo bayan injin niƙa su zama mitsi-mitsi kamar tururuwa sun samu sukari. Ta kira Oga da alfahari.

Oga ya sa tabarau, ya duba, ya cire tabarau.

"Mene ne wannan?"

"Dubu hamsin da tara da ɗari takwas, Oga."

"Ba adadin nake tambaya ba. Me ya sa waɗannan suka samu ƙanana, waɗancan suka samu manya?"

"Nan ruwa yake kwana yana juyi. Can shimfiɗe yake, ba abin gani."

"Ke kika san haka. Kansila in ya ga unguwarsa duka alwatika goma sha biyu, unguwar gangare dubu tara, me zai ce? Zai ce mun yi son kai. Zai ce an saye mu."

"Wa zai saye mu a gangare, Oga? Mai wanki?"

Sakatariya ta shaƙe da dariya, ta mayar da ita tari.

"A raba daidai," in ji Oga. "Mita goma kowane gefe, ko'ina. Kowa ɗan gari ne."

"Sharuɗɗan da na sa ba za su yarda ba."

"Ki cire su."

"Lungun bai kai mita biyu ba. Zai rufe."

"Lungu ɗaya! Garin nan lungu nawa ne? In kowane lungu sai an yi masa gata, yaushe za mu gama?"

Ta san abin da hakan yake nufi. In lungun ya rufe a raga, ruwan lissafi ba zai shiga gangare ba. Taswira za ta nuna unguwar a bushe, kwamiti ya kai kwalbati babban titi da zuciya ɗaya, mai wanki ta ƙara bulo na huɗu. Ta kuma san Oga: gardama ba ta juya shi, ƙara masa tsayi take yi. Sai ta sunkuyar da kai kamar ta Allah.

"To, Oga. Ka ɗan rubuta min a takarda, kar in manta."

Ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa, har da sa hannu da kwanan wata. Kawu Safiyo ya dube ta ta saman kofin shayinsa. Ya san wannan ladabin, bai yarda da shi ba.

Daga ranar Tsohuwa ta kamu da wata sabuwar lalura. Kullum in Oga ya fita cin abincin rana, sai a ga an juya fuskarta bango, an manna takarda a bayanta: "Tana hutawa, kar a taɓa." Amma nishinta har shagon tayoyi ake ji.

"Wannan wane irin hutu ne da gurnani?" in ji Sakatariya.

"Mafarki take yi, Anti. Tsofaffi haka suke."

Awa ɗaya da rabi kowace rana. Juma'a ƙaramin ruwa, Litinin matsakaici, Talata babba, duka a kan ragar da aka ce a jefar.

Sauran lokacin kuwa ta yi aikin Oga da gaskiya, ba ha'inci. Ta cire sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ta saki shirin. Daga nesa ragar ta fito gwanin kyau, daidai ko'ina kamar tayil ɗin banɗaki. Daga kusa, duk inda bango ya karkace tsinkaye ne zube. Ranar Talata da yamma ta ga sakamakon, ta ga wani abu da ya sa ta toshe baki da hannu biyu. Ta dai yi abin da ya kamata, ta je teburinsa.

"Oga, akwai tsinkaye a ciki. Ɗari huɗu da bakwai."

"A cikin dubu sittin? Ko kashi ɗaya cikin ɗari bai kai ba. Ke dai ba kya son a gama aiki."

"Shi ke nan, Oga. In sa alamomi a taswirar don mutane su gane wurare?"

"Yawwa. Yanzu kika yi magana."

Ta sa alamar asibiti, ta sa ta makaranta, ta sa ta injin niƙa. A harabar ofishinsu kuma, ƙarƙashin bishiyar da Oga yake ajiye motarsa, inda ba wanda ya isa ya ajiye ko keke, ta zana 'yar farar mota, har da lotsawar ƙofar baya.

Laraba aka yi gwaji. Aka rufe labule, aka haska taswira a bango, Oga ya tsaya da sandar nuni yana maimaita jawabinsa na gobe. Ta danna, babban ruwa ya fara. Shuɗi ya malalo daga tudu, ya taru bayan injin niƙa, ya tsaya cak kamar an ce masa kul, ya juya ya nufi babban titi. Unguwar gangare fara tas.

"Kun gani?" in ji Oga. "Raga mai adalci, amsa mai tsabta. Titi ne yake da matsala."

"Oga," in ji Kawu Safiyo a hankali, "waccan ba motarka ba ce?"

A gefen taswirar, a kan 'yar farar motar, wani ɗigo ya yi shuɗi, ya yi baƙin shuɗi, ya koma wani launi da ba ya cikin jerin launukan ma. Oga ya matsa kusa.

"Nawa ne zurfin nan?"

"Mita tara da rabi," in ji Almakashi.

"Ginin nan namu bai kai bakwai ba," in ji Kawu.

"Kuma a kan tudu muke," in ji Sakatariya. "Oga, kwalekwalen ofis za a saya, ko kowa ya zo da nasa?"

Abin da ba su taɓa mantawa ba shi ne, Oga ya je taga, ya ɗaga labule, ya leƙa motar. Tana nan a inuwa, rana tana dukan ƙasa, wani kare yana barci a ƙarƙashinta. Ya saki labulen ya juyo.

"Ke kika sa wannan."

"Motar ce kawai na zana, Oga. Ruwan naka ne."

Ta faɗaɗa wurin. Inda katangar ofis ta karkace ta zagaye bishiyar, ga wani tsinke kwance, tsawon mita goma sha ɗaya, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, kusurwarsa digiri ɗaya. An tura masa ruwa, ba shi da cikin da zai riƙe, sai ya tara shi sama. Daga nan ta ja taswirar zuwa bayan injin niƙa. Babu lungu. Bango biyu sun haɗe sun zama layi ɗaya. Kawu ya zaro littafinsa na awo, ya buɗe shafin ranar Talatar da suka je lungun, ya ajiye a gaban Oga.

Oga ya karanta awon da ke shafin.

"Gobe ne taron. Ruwa uku, awa huɗu da rabi, ga zane, ga rahoto." Ya zauna. "Ba za mu gama ba."

"Oga, Tsohuwa ta yi wasu mafarkai lokacin hutunta. Ko za ka duba?"

Ta buɗe. A wannan karon shuɗin ya taru bayan injin niƙa, ya matse, ya bi ta lungun kamar zare a idon allura, ya bazu a gangare. Ta ɗora alama a bangon mai wanki: santimita casa'in da ɗaya. Oga ya dubi littafin Kawu, ya dubi bango, ya sake duban littafin. Motarsa kuma a bushe.

"Tun yaushe?"

"Tun Juma'a."

"Da wutar ofishina."

"Da fankar Kawu ma, Oga. Ya ba da awa biyunsa."

Oga ya ninke takardar umarnin da ya sa wa hannu, wadda ta ajiye masa a gefen tebur, ya sa a aljihu.

"Da wannan za mu je. Amma in Kansila ya tambayi alwatikansa, ke za ki amsa. In aka kore mu kuma, ke za ki fara sauka matakala."

Kansila kuwa ya tambaya. Zauren taron dogon tebur ne da robobin ruwa a jere, Shugabar kwamiti a kai, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, marubucin taro a gefenta. Ana haska ragar Kansila ya miƙe.

"Dakata, dakata. Ina unguwata a nan? Waɗannan manyan faci-facin? Mu aka yi wa aikin gaggawa, su aka yi musu ɗinkin hannu?"

Oga ya dubi silin. Almakashi ta miƙe, ta gyara mayafinta.

"Ranka ya daɗe, in mutum biyu suka je asibiti, likita ya duba ɗaya minti biyu ya ce tashi ka tafi, ɗayan kuma aka kwantar da shi ana ta aune-aune, wanne ne mai lafiya?"

"Wanda aka sallama mana."

"To unguwarka ce aka sallama. Ƙasarta shimfiɗe take, titinta a miƙe, ruwa ba ya samun abin yi a can. Mun neme ta da ciwo mun rasa."

Kansila ya juya ya dubi sauran 'yan kwamitin, ƙirji a gaba. "Kun ji da kunnenku ko? Shekara nawa ina faɗa. Unguwata lafiyarta ƙalau."

"A rubuta," in ji Shugaba.

Marubuci ya rubuta. Sai da Kansila ya zauna, ya buɗe robar ruwansa, zai kai baki, sannan ya gane abin da ya sa aka rubuta, hannunsa ya tsaya a hanya. Ya buɗe baki zai yi magana, Shugaba ta riga ta ce a nuna babban ruwa. Aka nuna lungun, Kawu ya karanta awonsa, aka kaɗa ƙuri'a. Bakwai da ɗaya.

An gina kwalbatin a bakin lungun kafin damina. Da ruwa ya sauka, Almakashi da Kawu suka je dubawa. Mai wanki ta sauke gadonta, amma ta bar bulo ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin ƙafafun.

"Inna, ba ki yarda da mu ba?"

"Na yarda da ke, 'yata. Ruwan ne ban yarda da shi ba."

Ta yi shekara huɗu a ofishin bayan haka. Oga ya zama mai wa'azin tsinke, duk baƙon da ya shigo sai ya ja shi gaban Tsohuwa ya yi masa bayanin digiri ashirin kamar shi ya gano. Ba ta taɓa gyara masa ba. Motar ma ba ta goge ta daga taswirar ba, shi kuma bai ce a goge ba.

Tana da shekara talatin da ɗaya ta kwanta da zazzaɓin da aka ɗauka na kwana biyu ne. Kwana tara ta yi a asibiti. Ranar ta bakwai ta ce wa nas ɗin igiyar ƙarin ruwan ta yi tsawo, a ba ta almakashi. Ranar ta tara da hantsi ta rasu.

Bayan wasu makonni Oga ya zo gidan da doguwar takarda a naɗe. Ragar ce, ya sa an buga ta babba. Ya ce har yanzu da ita suke aiki, kuma ba wanda ya isa ya taɓa ƙullin da ta buga wa ƙusa. Bai iya zama ba, ya ajiye ya tafi.

Baba ya shimfiɗa ta a teburin cin abinci, ya danne kusurwoyin da kofuna. Ya fara neman lungun, ya same shi a buɗe, alwatikai mitsi-mitsi a jere a cikinsa. Ya daɗe a wurin. Sannan ya ɗauko ma'aunin kusurwa daga tsohon akwatin lissafinsa. Dubu sittin ba su aunuwa da hannu, kuma bai yi niyyar auna su duka ba. Ya bi da yatsa ya hau tudu, inda alwatikan suke manya kuma ruwa ba ya tsayawa, ya nemo titinsu, ya nemo gidansu. Ga wata alwatika ɗaya da ta ɗan fi 'yan'uwanta ramewa, bakinta ya sauka daidai barandar da yake zama da yamma. Ya ɗora ma'aunin. Ya ɗaga, ya goge tabarau, ya sake ɗorawa.

Digiri goma sha tara.

Ya zaro jan biron, ya zagaye ta, ya rubuta a gefe: Na kama ki.

Mama tana tsaye a bakin ƙofar kicin da tawul a hannu.

"Auta ta ce in ka gano, a tambaye ka kwana nawa ka ɗauka."

Baba ya jawo takarda. Ya fara daga waccan Juma'ar da ta gama ragar, ya lissafa har da shekarar da Fabrairu yake da kwana ashirin da tara. Dubu ɗaya da ɗari biyar da goma sha biyu. Ya sake bin lissafin daga ƙasa zuwa sama, ya rubuta adadin a ƙarƙashin da'irar, ya sa "kwana" a gabansa, sannan ya rufe biron.